Soron Baba da Kangon Ayutaya

Alhamis, 1 ga Agusta 2024

Na zo Gaya hutun bakansi, wai in huta da ihun 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, na Dosso. Hutu! Yau da safe na kai wa Baba koko cikin soro, na jingina da bangon gabas ina jiran ya gama sha, sai na ji sanyi ya ratsa mini zane. Na juya na shafa. Jiƙe sharkaf, daga ciki fa. Ga tsaga ta taso daga gindin taga ta yi sama, yatsana ya shige.

Na ce, "Baba, ka ga wannan?" Ko ɗaga kai bai yi ba. Wai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mutumin da ɓarinsa na hagu ya shanye, sai an ɗaga shi, sai an kwantar. In abu ya taso da wace ƙafar zai gudu? Sama da kansa kuwa azara ce da ƙasa, nauyin da ko kamiyo, babbar motar kaya, ba ya ɗauka tashi ɗaya.

Kaka Adamu ne ya gina soron nan da tubali tun Baba yana yaro yana miƙa masa ƙasa. Azarar daga giginyar kwarin Dallol aka saro ta. Duk garin nan in ka ce soron Alfari magini, wato Baba, ko ɗan kabu-kabu ya san inda zai sauke ka. Ni kuwa tun ina yarinya ban taɓa son shi ba, duhu da warin jemage. Yau na tsane shi.

Asabar, 3 ga Agusta

An wuni ana yayyafi. Na aika aka kira Seyni, yaron aikin Baba na da, wanda yanzu shi ma ya yi furfura yana ginin bulo. Ya zagaya soron ta waje yana ƙwanƙwasa shafen siminti da ƙotar guduma. Sama tana amsawa daidai. Da ya sauko wajen gindi sai ƙarar ta koma ta kifaffiyar ƙwarya.

Ya ja ni bakin rijiya. Ya ce, "Madam Salima, ba zan ɓoye miki ba. Siminti ya rabu da ƙasa. Ruwa yana shiga ta sama inda ya tsattsage, ya sauka bayan shafen, ba shi da hanyar fita. Da yaɓen makuba ne irin namu na ɓawon ɗorawa, rana ɗaya ta busar da shi. Yanzu ciki yake ruɓewa, waje sumul."

Na ce ai kai ka shafa! Ya sunkuyar da kai, ya ce aiki aka ba shi.

Gaskiya ne. Lokacin da ciwon ya kada Baba muna lopital, asibitin Dosso, Yazidu ƙanena ya bugo daga Bankok ya ce a rufe soron da siminti gaba ɗaya, tsoho ya huta da yaɓen shekara-shekara tunda ba zai ƙara hawa tsani ba. Dukanmu muka sa masa albarka. Baba ya dawo ya tarar da soronsa fari fat da fenti, ya daɗe yana kallo, bai ce komai ba. Garin neman gira za mu rasa ido.

Lahadi, 4 ga Agusta

Tsagar ta ci yatsu biyu.

Talata, 6 ga Agusta

Na share ɗakina na bulo, na shimfiɗa masa katifa, na ɗaura gidan sauro, na je na durƙusa. Na ce Baba ka dawo can har damina ta wuce, soro ba gudu zai yi ba.

Ya kira ni yadda yake kirana, tunda sunan mahaifiyarsa na ci. "Uwata, kin taɓa jin maginin gidan nan ya guji rufinsa da damina?" Bakinsa ya karkace tun ciwon, maganar a hankali take fita, amma ba ta lanƙwasa. Wai a gidanmu duk wanda ya ɗaura rufi shi ke fara kwana ƙarƙashinsa in ruwa ya sauka, don mai gida ya kwanta da zuciya ɗaya. Haka kakansa ya yi, haka ubansa. Wannan rufin kuwa hannunsa da na Kaka suka ɗaura shi. In ya naɗe tabarmarsa ya fita, ya faɗa wa gari aikin ubansa ƙarya ne. Kuma duk wanda ke kwance ƙarƙashin rufin da shi Alfari ya ɗaura, daga nan har Bengu, me zai ce?

Na ce su ce abin da za su ce, ni ubana nake so.

Gwaggo Tani, ƙanwarsa, tana bakin ƙofa tana tsinkar zogale. Maimakon ta taya ni sai cewa ta yi in rabu da shi, haka yake tun yana yaro, kafiya kamar jakin fatake. Kuma wanda kwanansa bai ƙare ba ko dutse ya faɗo masa sai ya tashi. Na sani, Gwaggo. Amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Na zagaya bayan madafa na yi kukana inda ba mai ji.

Alhamis, 8 ga Agusta

Gidaje sun faɗi a unguwar bakin kogi. An ce an tono wata tsohuwa da rai, an ce ba da rai ba, ban tsaya bincike ba. Mutanen meri, hukumar gari, suna yawo da lasifika, duk mai ɗakin ƙasa da ya tsage ya fita. Na ɗage labulen soro don Baba ya ji da kunnensa. Ya ji. Ya ce waɗancan ɗakunan 'yan koyo ne suka gina.

Da la'asar na ɗauko liman, abokinsa ne tun ƙuruciya. Ya zauna da shi, ya jawo masa ayar da ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Baba ya ce shi bai jefa kansa ko'ina ba, inda yake kwance shekara da shekaru nan yake. Suka ƙare da hirar goro. Da liman zai fita na ga ya ɗaga kai ya dubi azara, ya ƙara sauri.

Na yi tunanin in sa samari su sunkuce shi da ƙarfi. Seyni ya ce shi dai hannunsa ba ya ciki, bakin Baba yake tsoro. Sauran ma haka. Ragwaye. Ni ma da zan iya ɗaga shi ni kaɗai, ban san ko zan jure kallon da zai yi mini ba.

Juma'a, 9 ga Agusta

Na zazzage wa Yazidu ta waya. Na ce kana can kana loda wa Alhazai kwantena kana turo hotuna da tabarau, sai ka zo ka ga simintinka. Can ya ce, "Yaya, wallahi alheri na nufa." Ban tausaya masa ba a lokacin. Yanzu da nake rubutu na ɗan tausaya.

Maigidana Baban Nafisa ma ya bugo daga Dosso, wai yara suna tambayata. Na ce su ci gaba da tambaya.

Ko akuya ce ta ture kwano sai gabana ya yanke ya faɗi.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ni Salima na ga ta kaina. Ina cikin wannan hali, da hantsi Yazidu ya kira ta bidiyo, wai in kai wa Baba waya. Wai ranar hutu ce, wani abokin aikinsa ɗan ƙasar ya kai shi wani tsohon gari, Ayutaya, inda kangayen wuraren bautar mabiya Buddha suke. Na ce amma kai ba ka da hankali. Ubanka yana kwance ƙarƙashin kabarinsa kai kana yawon kallon gumaka? Ya ce, "Yaya, don Allah ki kai masa. Ban san me zan ce masa ba, wannan kaɗai gare ni."

Na kai, don kawai kada a ce na hana.

Na zauna bakin gado ina hararar azara, na riƙe wayar a gaban Baba. Can rana har ta karkata. Fili ne mai ciyawa kore shar, ko'ina jan bulo. Hasumiyoyi dogaye masu kai irin na goyon masara, wasu sun karkata gefe amma ba su faɗi ba. Wasu kamar an kifa ƙararrawa an ɗora mata tsini. Ginshiƙai jere-jere ba komai a kansu. Ga mutum-mutumi na dutse zaune a layi sun harɗe ƙafa, yawancinsu ba kai. Wasu masu aski ƙwal da mayafi ruwan goro suka wuce a hankali.

Gwaggo ta leƙo ta ce a'uzubillahi. Baba ya ce, "Tani, ba su nake kallo ba. Yazidu, wuce wannan mai zaman, nuna mini bangon bayansa."

Ikon Allah. Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun kafin ciwo.

"Matsa kusa. Ƙara. Sa hannunka." Yazidu ya sa tafinsa kan bulo ɗaya, mai faɗi ne, ba kauri. Baba ya sa na kawo wayar dab da idonsa. Ya ce ka ga ba su bar gaɓa kan gaɓa ba, kowane layi ya danne bakin na ƙasansa. Ya ce gasa shi suka yi, kuma wanda ya gasa ya san wuta. Ya tambayi me suka liƙa shi da shi. Yazidu ya tambayi abokin, suka yi ta gwaranci, a ƙarshe dai aka ce farar ƙasa da yashi, wai an ce har da ruwan rake. Baba ya yi dariya! Ya ce mu makuba, su rake, kowa da abin da Allah ya tsirar a ƙofarsa.

Sai suka zo wata ƙofa, ya ce tsaya nan. Ba itace ko ɗaya a kanta. Kowane bulo ya ɗan leƙo kan na ƙasansa, daga dama da hagu, har suka haɗu a sama. Ya daɗe yana kallo, hannunsa mai lafiya yana motsi kan bargo, jera wani abu yake. Ya ce mu da azara muke lanƙwasa bakan gizon da ke riƙe rufi, waɗannan da haƙuri kawai suka rufe. Ya ce, "Wannan magini ne."

Sannan ya tambaya ina rufin. Yazidu ya ce yaƙi ne ya ci garin aka ƙone, fiye da shekara ɗari biyu. Rufin ya tafi tun lokacin, shafen ma ya zube sai ɗan kaɗan nan da can.

"Tun lokacin yake tsirara haka?" E, Baba. "Waɗannan masu laima fa?" Baƙi ne daga ƙasashe, kallo suka zo. "Kallon kango?" E, har layi ake yi. "Wa ya gina?" An san sarakunan da suka sa aka yi, maginan dai abokin ya ce bai san sunansu ba.

Sharjin waya ya ƙare, kuran kuma, wutar lantarki, an ɗauke tun jiya.

Zan faɗi gaskiya tunda ba mai karantawa: wurin yana da kyau. Amma ina ruwana? Muna zaune ƙasa tana zubo mini a kafaɗa.

Litinin, 12 ga Agusta

Na kai tabarmata cikin soro na ce in mutuwa ce mu yi tare. Ya ce in ban fita ba bai yafe mini ba. Na fita. Ya san inda zai kama ni.

Laraba, 14 ga Agusta

Yazidu ya turo bidiyon da ya ɗauka. Baba ya sa na yi ta kunna masa har hannuna ya sage. Kullum wurin ƙofar nan yake cewa in tsayar.

Yanzu ana hango hasken waje ta cikin tsagar. Wata azara a kusurwa ta fara kuka.

Ya Allah, ni ban iya doguwar addu'a ba. Ka fito mini da shi. Ka ɗauki soron, ka ɗauki abin da ka ga dama, ka bar mini tsohon nan.

Alhamis, 15 ga Agusta

Ina goge masa baki sai ya ce, "Uwata, na manta fuskar bangon ubana." Na ce ga shi kana ciki. Ya ce a'a, ciki shafe, waje siminti. Waɗancan na waya kowa yana ganin hannun magininsu, shi na ubansa an lulluɓe. Yana so ya ga tubalin kafin ya mutu. A kira Seyni ya ɓamɓare simintin.

Na yi maza na ce ai daga kan gado ba za ka ga waje ba. Ya harare ni, ya san abin da nake ƙullawa. Ya ce, "Duba aiki zan fita, ba ƙaura ba. Kafin magariba ku maida ni."

Na ce to. Ko me ya ce, to.

Asabar, 17 ga Agusta

Dole sai na rubuta wannan.

Da safe Seyni ya zo da mutanensa. Aka ɗora Baba kan kujera aka fito da shi gindin mangwaro. Ya runtse ido, ya daɗe bai ga rana haka ba. Ya sa aka kawo hula, wai mai duba aiki ba ya zama kai ba hula.

Ko dukan kirki ba a yi ba. Seyni ya zura ƙarfe ya ɗan banƙara, siminti ya taho falle guda kamar ɓawon rogo. Daga ƙugu zuwa sama sai ga tubali jere, da shatin yatsu a jikin kowane. Baba ya sa aka matsar da kujera. Ya ɗora yatsunsa cikin wani shati. Ya ce wannan na Kaka ne, ƙaramin yatsansa ya taɓa karyewa, ga shi nan a karkace. Waɗancan masu ƙananan yatsu kusa da taga nasa ne.

Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa, innalillahi. Tuwo. Seyni ya tura hannu ya shige har wuyan hannu, ya fito da baƙar laka da gara. Baba ya gani, ya fi kowa gani.

Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar ledoji. Sai Baba ya ce, "Ku maida ni."

Mazan suka dubi juna, suka dube ni, suka sunkuya za su kama kujera. Ban san sadda na faɗi ƙasa na rungume ƙafafun kujerar ba. Ɗankwalina ya tafi. Na ce wallahi sai dai ku ja da ni. Ina kuka ina majina gaban maza, ni madam guda. Na ce, "Baba, mutumin nan na waya da ka ce magini ne, don ya mutu a ciki ka gane gwani ne? Rufinsa ya tafi tun yaushe, kai da bakinka ka yaba masa. Wa ya ce aikinsa ƙarya ne?"

Ruwa ya fara ɗiga manya-manya. Gwaggo tana ta kiran "Yaya Alfari, Yaya Alfari," ta kasa ƙarasa komai.

Ya ɗaga kai ya dubi soron tun daga indararo har gindi. Sannan ya ce, "Seyni." Na'am, Baba. "Gobe da safe a sauke rufin nan, a fid da azara ɗaya-ɗaya. Ni na ɗaura, ni na ce a sauke. Kowa ya ji, ni na ce, ba ruwa ba."

Suka ɗauke shi da gudu zuwa ɗakina, ruwa ya kece. Na zauna nan cikin taɓo na kasa tashi sai da Gwaggo ta ja ni.

Lahadi, 18 ga Agusta

Soron bai jira Seyni ba.

Rana ta fito tas. Ana jingina tsani da hantsi sai bangon gabas ya zauna, haka kawai, kamar raƙumi zai durƙusa, rufin ya bi shi. Ƙara ɗaya. Ƙura ta rufe gidan. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdulillahi. Seyni har ya ɗora ƙafa kan tsani, ya yi tsalle baya.

Da ƙura ta lafa na je na leƙa. Ƙafar gadon ƙarfen Baba ɗaya ce kawai ta leƙo daga ƙasa, a lanƙwashe. Na yi amai a gindin mangwaro.

Na shiga in faɗa masa. Ya ji ai. Fuskarsa tana bango. Abin da ya ce kawai, "Ya riga ni."

Talata, 20 ga Agusta

Ba ya cin abinci. Ya kurɓi koko ya kau da kai. Mutane suna ta zuwa barka da arziki, ya ƙi a shigo da kowa.

Na ƙwace shi daga rufi, ga shi yana zamewa daga hannuna ta wata hanyar. Me na yi ke nan?

Alhamis, 22 ga Agusta

Infirmiye, malamin asibiti, ya zo ya yi masa ƙarin ruwa, ya ce a jiki ba abin da ya ƙaru, zuciya ce. Na gode, malam, da wannan labari.

Na gaji da ganin tulin ƙasar nan. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya a kai yana salati. Na je tasha na sami Hama mai kamiyo, maƙwabcinmu, wanda tunda aka rufe gadar kan iyaka yake zaune yana korar ƙuda. Na ce ya zo ya ture abin da ya rage, ya kwashe duka, ko gutsuren tubali kada ya bari. Ya ce sai ƙasa ta bushe, kada mota ta kafe a lungu. Na ce ranar da ta bushe ka zo ko ban kira ba. Wataƙila in babu shi Baba ya manta.

Yazidu yana ta kira, amma yana tsoron a ba Baba waya.

Lahadi, 25 ga Agusta

Liman ya shiga ɗaki yau bai jira izini ba. Ya ce, "Alfari, tashi ka ba mutane amsa, sun ishe ni da tambayar yadda abin nan ya ƙi faɗuwa." Baba ya juyo. "Wane abu?"

Ashe bai sani ba. Ba wanda ya faɗa masa, kowa yana gudun fama masa ciwo. Bangon gabas da rufi ne suka tafi. Sauran bangon uku suna tsaye, da bakan gizo na tsakiya, babbar lanƙwasar nan da ta riƙe rufin, ita kaɗai a sarari ba komai a kanta. Ni ban ma lura ba, ƙasa nake kallo.

Ya ce a kawo hula.

Aka fito da shi. Akwai wasu magina matasa masu aikin bulo tsaye sun ɗaga kai, da 'yan unguwa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya fara: yadda ake jera azara gajeru-gajeru ana ɗaure su da igiya, kowace ta ɗan wuce ta ƙasanta, daga nan da can har su gaisa a tsakiya. Ya ce da rufi a kai ba wanda ya taɓa tambayarsa. Yana cikin magana na sa masa kofin fura a hannu. Ya shanye bai sani ba.

Na koma madafa na zauna kan turmi na yi kuka. Gwaggo ta ce ke kuma ba kya gajiya.

Talata, 27 ga Agusta

Baba da kansa ya ce a kira Yazidu ta bidiyo. Yana ganin fuskarsa ya fashe da kuka, Baba ka yafe mini, ni na kashe soron. Baba ya ce, "Riga ka saya wa kakanka, ba ka san ba ya son ta roba ba. Share hawaye, kira mini abokin nan naka."

Aka kira shi, wani siriri mai fara'a. Baba ya ce shi ya nuna mana nasu, mu ma mu nuna masa namu. Ni ce mai riƙe waya. "Uwata, matsa kusa. Ƙara. Sa hannunki." Na taka tulin ƙasa na shiga, ban shiga ba tun faɗuwar. Ba duhu, ba jemage, rana har ƙasa. Na sa yatsuna cikin shatin Kaka. Da ɗumi. Mutumin ya haɗa tafukansa a ƙirji ya ɗan sunkuya, Yazidu ya ce haka suke girmamawa. Baba ya gyara hula.

An gama magana an kashe waya, ni ina tsaye a wurin. Ƙafata ce ta sage, shi ya sa.

Alhamis, 29 ga Agusta

Baba ya ce in ba a rufe kan bangon ba, ruwan Satumba zai cinye shi daga sama. Makuba ake so. Na ce ni dai ba ruwana. Da na je kasuwa sayen kifi na ga wata 'yar Bengu da buhun ɓawon ɗorawa, sai na ɗauko, tunda ga shi a gabana. Yana jiƙe a tsohuwar randa bayan madafa. Wari ba a magana.

Jiya Baba ya cinye tuwo har ya nemi ƙari.

Asabar, 31 ga Agusta

Baban Nafisa ya ce in dawo haka nan. Na ce sai an gama wani ɗan aiki.

Da hantsi na ji ƙugin mota a lungu. Hama ne, da samari da shebur da igiya, ya cika alkawari. Baba yana gindin mangwaro da hularsa. Ya dubi kamiyo, ya dube ni. Ban faɗa masa na kira ba, amma ya gane. Bai ce komai ba, irin shirun ranar da ya tarar da siminti.

Na tari Hama a ƙofar gida, hannuna duk makuba har gwiwar hannu. Na ce ya koma, ƙasa ba ta bushe ba tukuna.

Ya dubi ƙasa, ya dubi hannuna. Ya ce, "Madam, ƙura fa ke tashi."

Na ce na ce ba ta bushe ba.

Ya ja motarsa ya tafi. Na koma ciki, Seyni yana kan tsani yana jiran in miƙa masa ƙasa.